Farar riga da shafin Instagram ba su ne lasisin yanka ƙirjin mace ba

Abin da ake yi wa mata da sunan tiyatar ƙara girman mama a ƙasar nan ya wuce sakaci, wasa ne da rai. Mutum ya kama haya a wani bene a Abuja ko Legas, ya ƙawata ɗakin jira, ya ɗauki yarinyar da ta iya sarrafa Instagram, shi ke nan ya zama "ƙwararren likitan gyaran jiki". Babu mai tambayarsa inda ya koyi aikin. In ya ɓata, hankalinsa kwance, don ya san wadda aka cuta ba za ta fito ta ce ga abin da ta je yi ba. Wata mijinta bai sani ba, wata kuma a gida cewa ta yi za ta je bikin ƙawa. Kunyar nan ita ce jarinsu, da ita suke cin kasuwa.

Batun halasci na malamai ne, a tambaye su. Amma a sani cewa ba masu neman kwalliya kaɗai ke faɗawa hannun mutanen nan ba. Akwai wadda aka cire wa mama saboda sankara, akwai wadda ɗaya ya fi ɗaya girma nesa ba kusa ba tun tana budurwa.

'Yar uwa, digirin likitanci na MBBS ba ya mai da mutum likitan tiyata. Shekara shida a jami'a da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, likita kawai suke fitarwa. Wanda ya cancanci ya buɗe ƙirjinki sai ya ƙara shekara biyar zuwa shida, ko fiye, a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma. Su ne za ki ga FMCS ko FWACS a bayan sunansu. Ko nan ma kada ki tsaya, domin likitan ƙashi da likitan mafitsara su ma suna da waɗannan haruffa. Tambaye shi kai tsaye, a wane fanni ya samu? Amsar da kike so ita ce tiyatar gyara da sake gina sassan jiki. Sai lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, da lasisin aiki na bana, ba na shekara uku da suka wuce ba, domin duk shekara ake sabunta shi. Ƙwararrun fannin suna da ƙungiya, NAPRAS, kuma suna da sassa a manyan asibitocin gwamnati irin su asibitin koyarwa na Shika da asibitocin ƙashi na Dala, Igbobi da Inugu, inda za a iya gaya miki ko an san mutumin. Takardar halartar bita ta kwana uku da aka sa wa firam mai ruwan zinare aka rataye a bango ba komai ba ce. Likitan da ya ɓata rai don kin nemi ganin takardunsa, ɗauki jakarki ki fita.

Abin haushi, wannan binciken bai kamata ya zama aikin majinyaciya ba. Akwai hukumar HEFAMAA a Legas, akwai hukumar PHIMA a Kano, aikinsu ya haɗa da sa ido kan asibitoci masu zaman kansu. Tallan nan ba a ɓoye ake yin sa ba, yana kan wayar kowa, da adireshi da farashi da rangwamen Sallah. Don me sai an fitar da gawa sannan a zo da kwaɗo a rufe ƙofa?

Shi kansa wurin aikin, ki nemi a nuna miki. Tiyatar ba ta wuce awa ɗaya zuwa biyu, galibi da allurar barci gaba ɗaya, amma abin da ke kashewa yawanci ba wuƙar ba ce. Wa zai sa ki barci, kuma wa zai tsaya a kan numfashinki har ki farka? Dole ya zama ƙwararren sa barci ne wanda ba shi da wani aiki a ɗakin sai wannan. Masu son rage kuɗi sukan ce ai allurar kashe zafi a wurin ta wadatar, su ɗura lidokain fiye da ƙima, shi kuwa in ya yi yawa a jini yana kawo jijjiga, yana tsayar da zuciya. A ƙarƙashin tsokar ƙirji haƙarƙari ne, a bayansa huhu. Hannun da bai saba ba yana iya huda tantanin huhu, iska ta shiga, huhun ya lotse. A wannan minti ana bukatar na'urar auna iskar jini, da tukunyar oksijin cike, da wanda ya iya sa bututu a ƙirji. Akwai janareto na biyu in na farko ya ƙi tashi? Akwai jini a kusa? Wane asibiti mai ɗakin kulawa ta musamman za a kai ki, kuma da wace mota? Sannan wa ke kwana? Taruwar jini a cikin aljihun da aka buɗe don sa jakar silikon ko ta ruwan gishiri mai ƙara girman maman ta fi faruwa cikin awa 24 zuwa 48 na farko, maganinta kuwa a koma ɗakin tiyata a kwashe, a ɗaure jijiyar da ke zuba. Wurin da ake kulle shi da magariba, a ba ki lambar WhatsApp, ba asibiti ba ne.

A zaman farko ake gane mai aiki da mai ciniki. Mai ciniki zai tambaye ki hoton wa kike so ki zama, ya faɗi farashi. Mai aiki zai ɗauko tef ya auna faɗin gindin maman da santimita, da nisan kan mama zuwa lanƙwasar ƙasa, ya matsa fatar sama tsakanin yatsu ya ga kaurinta. In ba ta kai santimita 2 ba, za a ga gefen jakar da tattararta ta cikin fata, don haka ƙarƙashin tsoka ya dace a sa ta. Girman jakar da cc, wato mililita, ake auna shi, kuma faɗin ƙirjinki ne ke yanke hukunci, ba son ranki ba. Siririyar macen da jikinta zai ɗauki 250 ko 300 aka cusa mata 500, fata za ta saki, jakar ta gangaro ƙasa da lanƙwasar, ko biyun su haɗe a tsakiya in an yi zarin buɗe aljihu. Gyaran wannan ya fi aikin farko wuya da tsada.

Ga kuma ƙaryar da ta fi yawa, wai jaka kaɗai tana ɗaga maman da ya zube. Mafi yawan masu zuwa bayan haihuwa uku ko huɗu ba ƙanƙanta ce damuwarsu ba, zubewa ce. In kan mama ya sauka ƙasa da lanƙwasar, jaka kaɗai ba za ta ɗaga shi ba. Za ta zauna a sama, naman ya rataya a kanta. Abin da ake bukata tiyatar ɗagawa ce, a rage fata a mai da kan maman sama, ita kuwa tana barin tabo mai tsawo. Baƙar fata na da saurin yin tabo mai tudu wanda ke ci gaba da girma yana ƙaiƙayi, ƙirji kuma na cikin wuraren da ya fi fitowa. Likitan da bai duba hujin kunnenki ko tsohon ɗinkin haihuwa ba, bai tambayi ko akwai irin tabon a danginku ba, bai damu da ke ba. Haka wurin yanka: ta lanƙwasar ƙasa ya fi tsafta da ba likita damar gani, ta gefen baƙin kan mama yana ratsa hanyoyin nono, inda ƙwayoyin cuta ke zaune, kuma ya fi taɓa shayarwa da jin taɓawa. Wadda ba ta gama haihuwa ba ya kamata a gaya mata wannan tun kafin ta biya ko sisi.

Kafin ranar, sai an yi gwajin jini, da na suga, da na juna biyu, da na sikila. Wadda ta yaye sai ta jira wata uku zuwa shida nono ya ƙafe. Taba da shisha a bar su aƙalla mako huɗu, don suna hana rauni warkewa. Asfirin da danginsa suna tsinka jini. Masu shan "sha ka fashe" don ƙiba kuwa lallai su faɗa, domin sinadarin da ke ciki yana raunana garkuwar jiki, kuma jikin da ya saba da shi yana iya faɗuwar hawan jini a kan teburin tiyata. Wanda ya ce ki zo yau a yi gobe, duk wannan ya tsallake.

Jakar da za a sa miki tana da kamfani, da lamba, da kati da ake ba majinyaciya. Nemi ganin kwalin a rufe, ki tambayi rajistar NAFDAC, ki adana katin. Ba tsirfa ba ce. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, bayan an riga an sa wa dubban ɗaruruwan mata a duniya, kotu ta yanke wa mai kamfanin Jean-Claude Mas hukuncin ɗaurin shekara huɗu. A 2019 kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa masu kaushin baya saboda alaƙarsu da wata sankarar garkuwar jiki da ke tasowa a tantanin da ya kewaye jakar. Macen da ba ta da kati, ta yaya za ta san ko abin da ke ƙirjinta yana cikin waɗanda aka janye?

Kuma wallahi duk wanda ya ce miki sau ɗaya ne har abada, maƙaryaci ne. Jiki yana gina tantani a kan duk baƙon abu. A wasu matan tantanin yana tsukewa, maman ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, ya karkace, ya yi ciwo, kuma ɗigon jini ko ƙwayoyin cutar da suka shiga ranar aiki suna ƙara yiwuwar haka. Jakar ruwan gishiri in ta fashe za ki gani, don maman zai saɓe. Ta silikon tana fashewa shiru, shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce a yi sikanin ko hoton MRI bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk shekara 2 zuwa 3. A can ma sai mai shekara 22 aka amince a sa wa ta silikon don kwalliya. Saboda haka kuɗin da aka faɗa miki na farko ne kawai. A rubuta a takarda wa zai biya in an koma gyara.

Masu allura a ɗakin otal kuwa, waɗannan ba likitoci ba ne ko a suna. Ruwan silikon ko man da suke ɗurawa ba shi da jaka, yana bin nama ya dunƙule, ya ruɓar da fata, ya ɓoye sankara a hoton mama, in ya shiga jijiya ya tafi huhu. Ba ya fita sai da naman da ya kama, wani lokaci maman gaba ɗaya.

Dillalan Turkiyya da Masar su ma a yi hattara da su. Akwai ƙwararru a can, amma dillalin da ya haɗa miki tiyata da otal da tikitin dawowa cikin kwana huɗu kamasho ya sani. Zaman jirgi na awanni da sabon ɗinki yana kawo daskarewar jini a ƙafa, in gudan ya ɓalle sai huhu. Ciwon ƙwayoyin cuta kuma sau da yawa sai bayan mako ɗaya ko fiye yake bayyana, lokacin kina Kano, likitan yana Istanbul ba ya ɗaukar waya.

Wadda ta riga ta yi, in gefe ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko wurin ya yi ja yana fitar da ruwa, ko numfashi ya yi wuya, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta tafi sashen gaggawa na babban asibiti a daren, ta faɗa wa likita ainihin abin da aka yi mata da ranar da aka yi. Jakar da ƙwayoyin cuta suka kama galibi sai an cire ta, a jira watanni kafin a sake. Ta riƙe rasit, da katin jakar, da saƙonnin da suka yi, domin su ne hujjarta in za ta kai ƙara gaban kwamitin binciken MDCN.