Masu ajiye albarushi a ƙarƙashin gado, ku ji tsoron Allah

Shekaranjiya na shiga gaisuwa wani gidan haya a Agege, irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, sai na tarar da yaro ɗan rarrafe yana girgiza gwangwanin madara kamar ya samu caki. Uwarsa ta karɓe tana dariya, wai "kayan babansu ne na sintiri". Da aka buɗe, harsasai ne a ciki, da ƙullin albarushi a leda, da 'yan ƙananan hulunan nan masu tayar da wutar bindiga, duk a cakuɗe. Risho kuwa yana ci a gefe. Wallahi har na fito jikina bai daina rawa ba.

'Yan'uwana matasa, masu gadi da 'yan sintiri da masu zuwa farauta, da ku nake. Ban ce ku bar sana'arku ba. Abin da ya ishe ni shi ne wannan ɗabi'a ta cusa kayan wuta a gwangwani a tura ƙarƙashin gado. Hular nan da ka raina, an yi ta ne don ta tashi da bugu ɗaya. Gogayya tana tayar da ita, zafi ma haka. Shi ya sa masu ƙera ta ke jera ta a kwali, kowace da gurbinta, don kada su taɓa juna. Kai kuma ka juye su wuri guda ka rufe da murfin ƙarfe, in ɗaya ta tashi duk su bi ta, gwangwanin ya tarwatse a fuskar wanda ya fi kusa. Wa ya fi kusa da ƙasan gado in ba ɗanka ba?

Ga ɗakin Legas, kowa ya san shi. Jarkar fetur ɗin janareta a bayan ƙofa, tukunyar gas a lungu, maganin sauro na hayaƙi a ƙasa, ga zafin kwano da rana. Wani ma a kan wannan gadon yake kishingiɗa ya kunna sigarinsa. Kada ma a zo batun masu ɗaukar bidiyo da bindiga suna sawa a TikTok, ko masu watsa ƙwaya kafin su fita sintiri, wannan wata musibar ce daban.

In ka yi magana sai a ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To ai Annabi (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, ya kuma ce a kashe wuta in za a kwanta. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma wannan zafin har bakin maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba. Ranar 27 ga Janairun 2002 ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, mutum sama da 1,000 suka mutu, akasarinsu a magudanar Oke-Afa suka nutse garin gudu. Wurin sojoji ke nan fa. A Disamban 2012 kayan wasan wuta da aka jibge a wani gini a Jankara ta Legas suka kama, gobarar ta ci gine-ginen kusa. A Janairun 2024 nakiyoyin da aka ɓoye a gida suka rusa unguwa a Bodija ta Ibadan. Gemun ɗan'uwa nawa ne zai kama wuta kafin mu shafa wa namu ruwa?

Wanda ke da lasisi ya raba kayan nan, ya bar su a kwalinsu, ya kulle a wuri mai sanyi nesa da wuta da yara. Wanda ba shi da shi kuwa, ya san doka ba ta san da zamansa ba.

Ina tuna maharban garinmu. Albarushi a ƙaho yake, a rataye can sama a ɗakin da ko uwargida ba ta shiga, kuma yaro bai isa ya taɓa burgamin maharbi ba. Sai ka shekara kana bin ubangidanka kana ɗaukar masa jaka kafin ya yarda ka ɗura bindiga. Sarkin baka yana iya ƙwace ta mutum in ya ga sakarci, ba mai cewa uffan. Yanzu yaro ya sauka a Mile 12 ta Legas jiya, yau an miƙa masa bindiga da gwangwani, babu wanda ya ko tambaye shi inda zai ajiye.