A tambayi mazauna laka kafin a ce teku lafiya yake

Kwalbar ruwan da aka ɗebo daga teku labarin ranar kaɗai take bayarwa. Gobe igiyar ruwa ta kwashe dattin, a sake gwaji, a ce komai kalau. Kifi kuwa da zarar ruwa ya ɓaci sai ya yi gaba. Masu zama daram su ne tsutsotsi da ƙumba da ƙananan ƙaguwa da ke binne cikin lakar ƙasan teku. Ba su da wurin gudu, wasu suna shekaru a wuri guda, saboda haka duk abin da aka zuba sai ya nuna a kansu.

Aikin na masu haƙuri ne. Daga jirgi ake zura wani ƙarfe mai baki biyu ya cafko laka, a wanke ta a rariya mai idon milimita 1, sannan a zauna a ware kowace halitta da sunanta. Tun 1978 masanan halittun teku Pearson da Rosenberg suka nuna yadda abin ke tafiya: idan ƙazanta ta taru, iskar oksijin ta ragu, manyan halittu masu tona laka sai su mutu, ƙananan tsutsotsi irin su Capitella su mamaye wurin. Yawansu yana iya ƙaruwa alhali nau'o'i sun ragu, kuma nan ne mai ƙirga kai kawai yake ruɗuwa. A 2000 Ángel Borja da abokan aikinsa a cibiyar AZTI ta Sifen suka fito da ma'aunin AMBI, wanda ya kasa halittun rukuni biyar gwargwadon juriyarsu ga gurɓata.

Masu cewa aikin yana cin kuɗi da lokaci ba ƙarya suke ba. Gwajin DNA, wato ƙwayoyin gadon halittu da ke cikin laka, ya fi sauri, ina kuma goyon bayan a haɗa da shi, amma ba ya nuna girman dabbar ko shekarunta. Ya taimaka, kada ya maye gurbi.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin warkewa. A 1989 masu bincike na Jamus sun yi wa ƙasan teku huɗa da gangan a yankin Peru, zurfin kusan mita 4,000. Bayan shekara 26 sawun yana nan, halittun ba su gama komawa ba. Yanzu kamfanoni na neman izinin kwasar ma'adinai a ƙasan tekun Fasifik. A ganina kada a ba kowa izini sai an ƙirga mazauna wurin tukuna, kamfani ya biya kuɗin, amma masu ƙirgar su kasance ba a ƙarƙashinsa suke ba, sakamakon kuma a buga shi kowa ya gani.