Kwana Uku da Biskit

Tunda Alhajin nan ya riga ya watsa bidiyon a guruf, gara in faɗi nawa ɓangaren da bakina. Abin da kuka gani daƙiƙa arba'in ne kacal daga cikin wahalar kusan awa guda.

A gurguje. Yara sun shekara suna damuna da zancen kare, wai duk 'yan ajinsu a nan Exeter suna da shi, su kaɗai ne marayu. Uwargida ta ce ba a gidanta ba. Ni kuma da son a ce mini uba nagari, na shiga kawo hujjoji: ga ɓeraye sun addabi ɗakin ajiyar da ke bayan gida, kuma ai a wurin malamanmu na Malikiyya jikin kare ba najasa ba ne, kwanon da ya sa baki a ciki ne ake wankewa sau bakwai. Ta ce, "To Malam, sau bakwan nan wa zai riƙa wankewa, ni ko malaman?" Ana cikin haka tsohuwar nan maƙwabciyarmu za ta je wurin 'yarta a Bristol kwana uku, tana neman mai riƙe mata karenta. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Mu gwada, in ya yi mu sayi irinsa.

Sunansa Biskit, irin wanda ake kira Jack Russell. Fari, da ɗan ja-ja a kunne da gefen ido ɗaya. Kilo bakwai, tsayinsa bai kai gwiwata ba. Na dube shi na ce a raina, wannan ai muzurun gidanmu na Katsina ya fi shi cika ido. Tsohuwa ta miƙo mini takarda shafi biyu da ta rubuta da hannunta, na ninke na ɗora a kan firji.

Ranar farko ya tsallake ƙyauren da muka tare ƙofar kicin da shi, daga tsaye, babu ko ja da baya. Ya tone alayyafon uwargida kaf. Ya yi wa mai kawo wasiƙa haushi, ya yi wa injin wanki haushi, ya yi mini haushi da na yi atishawa. Na gan shi yana sunsunar takalmin masallacina, na tuna karin maganar, amma kafin in gama tunawa ya ɗauka. Gaskiya ɗaya dai, ɓeraye ya kashe biyu cikin minti goma. Sai dai ya kawo su ya jera a gaban uwargida tana yanka albasa, yana kaɗa wutsiya yana jiran tukuici.

Ranar Asabar ce ranar sunan nan, kun san na gidan wa. Ƙarfe biyu aka ce. Ƙarfe ɗaya na gama shiri: farar shaddar da aka ɗinko mini daga Kano da sallar bara, babbar riga da 'yar ciki, sitati ya kama ta har tana ƙara, ga zanna bukar ɗina da nake ji da ita. Uwargida ta ce wallahi ba za a bar mata wannan aljanin a gida da ƙarfinsa ba. Na ce ba komai, minti goma zan zaga da shi filin bayan layinmu ya sauke gajiya. Ku lura, ni ne na ce ya sauke gajiya, kamar ya taɓa ɗaukar ta.

Da muka isa filin yana ta fizgar igiya yana shaƙe kansa, har tausayi ya kama ni. Na duba, babu mota, babu kowa kusa. Na kwance shi.

Ban ga tafiyarsa ba. Wani farin abu kawai na gani ya tsaga ciyawa, kurege ya haye bishiya, farin abin ya yi kwana bai rage gudu ba ya nufi shingen ƙarshen fili, sannan babu shi. Ƙasa ta haɗiye shi. Na isa wurin ina haki, riga a saɓe a kafaɗa, sai ga rami a gindin shingen, bakinsa bai fi faranti ba. Ramin zomaye ne. Daga can ciki ina jin haushinsa ƙasa-ƙasa, kamar rediyo a ɗakin maƙwabta.

Na fara da kira cikin mutunci, a tsaye. "Biskit. Biskit, zo nan." Sai na tsuguna. Sai na tuna karen ba nawa ba ne, na tsohuwa ce mai shekara tamanin wadda ke kiransa ɗanta, kuma akwai 'yar na'urar nan da doka ta tilasta a dasa wa kowane kare a ƙarƙashin fata tun 2016, wato ko gawarsa aka tono an san gidan da za a nufa. Nan na durƙusa. Wanda ya san Devon ya san ƙasarta ja ce, kuma an kwana ana ruwa. Ina jin sanyin lakar yana ratsa shadda yana isa gwiwa, na ce shi ke nan, wando ya tafi, a ceci riga. Na tattare babbar riga na ɗora a ƙeya. Na zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu, ban taɓa komai ba. Har kafaɗa. Don hannun ya kai, dole goshina ya taɓa ƙasa. Ganyen nan nasu mai harbi da ke cika gindin shinge ya same ni a kunne da wuya. Rigar da na ɗora a ƙeya ta zamo ta rufe mini kai gaba ɗaya.

To a haka nake, gwiwa biyu a ƙasa, goshi a ƙasa, baya a sama, kai a lulluɓe, ina magana ƙasa-ƙasa cikin rami. Turanci ya ƙare mini, na koma Hausa. Ina cewa, "Don girman Allah ka fito. Ka rufa mini asiri. Me na yi maka?" Na yi minti biyar a haka ko fiye.

Da na ɗago don in sha iska, sai na ga wani dattijon Bature da matarsa tsaye kamar taku goma daga inda nake. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Matar ta kama bakin nasu karen don kada ya yi haushi. Dattijon ya ɗaga mini hannu a hankali, ya ce cikin raɗa in yi haƙuri, kada in katse saboda su, za su jira in idar.

Sun ɗauka salla nake yi.

Ban san abin da ya fi ciwo ba, ladabin nasu ko bayanin da ya zama dole in yi. Na ce a'a, kare ne ya shige rami. Matar ta ce wane iri? Na faɗa. Suka dubi juna irin kallon da likitoci ke yi wa juna a gaban majinyaci. Sannan dattijon ya nuna bayana da sandarsa ya ce, "Wancan ne?"

Yana zaune. Ashe ramin yana da wata ƙofa ta can gefen shingen, ya daɗe da fitowa, ya zagayo ya zauna a bayana yana kallon abin da nake nema, ko zai taya ni. Ya koma ja tun daga hanci har wutsiya. Na juyo a hankali, na miƙa hannu, hulata ta faɗo. In ka ga kare yana sunsunar takalmi... wannan ko sunsunawa bai yi ba.

Daga nan ne bidiyon ya fara. Inda kuka ga mutum da babbar riga rabi fara rabi ja yana gudu yana ihu "Hulata! Hulata!", kare yana tsayawa sai na kusa kama shi ya sake zabura. Kuma muryar da kuke ji tana dariya har da tari, tana cewa "Sarkin Baka, a bi a hankali!", kun san mai ita.

Bari in tsaya a kan Alhajin nan, don shi ne ainihin abin da ke cina. Mutumin nan yana cikin mota zai tafi sunan, ya hango ni, ya yi fakin, ya fito, ya jingina da ƙofa, ya ciro waya. Taku ashirin tsakaninmu. Da ya tare ta gefen hagu da an kama karen nan tun a zagaye na farko. Wannan fa shi ne mutumin da na ɗauko wa kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin ƙuli har kilo tara daga Kano, na cire takalmana biyu daga akwati na bar su a gida don kayansa su shiga, na biya fam arba'in na ƙarin nauyi. Da na kai masa har gida sai ya buɗe leda ya ce kukar ba ta yi kore sosai ba. Fam arba'in ɗin kuwa yau shekara biyu. Duk haɗuwa sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ina sane da kai." To ni ma ina sane. Kuma wa ya naɗa shi admin? Na tambayi mutum uku, babu wanda ya tuna an yi zaɓe. Ya mayar da hotona sitika, jiya an yi sanarwar rasuwa wani ya danna ta bisa kuskure.

Dattijon Baturen ne ya cece ni. Ya ciro ɗan cuku daga aljihu, ya tsuguna, Biskit ya zo ya ajiye hula kamar ɗan makaranta. Muna tafe yana ba ni tarihi, ni kuwa kunne yana zugi. Wai ai ɗan nan jihar ne. Wani limamin coci, John Russell, wanda ya yi shekaru yana limanci a ƙauyen Swimbridge kusa da Barnstaple, shi ya fara kiwon irinsu. Tun yana ɗalibi a Oxford, a 1819, ya sayi wata karya mai suna Trump a hannun mai tallan madara, daga ita aka samo zuriyar. Aikinsu guda: a bi dawakai a guje yini guda, in yanyawa ta shige rami a tura su su koro ta. Shi ya sa aka so su ƙanana masu siririn ƙirji, kuma farare, don kada mafarauta su ɗauke su yanyawar. Kalmar teriya ma daga sunan ƙasa, wato wadda ake tonawa, ta samo asali a Latin. Wato shekara ɗari biyu ana tace kare don ya shiga rami, ni kuma na kai shi bakin rami na kwance masa igiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, laifin nawa ne da na auna shi da sikeli.

Na tambaye shi suna nutsuwa in sun girma? Ya yi dariya ya ce nasa na baya sai da ya shekara goma sha biyu ya fara tunanin hakan. Suna kaiwa shekara 13 zuwa 16. Na yi lissafi a tsaye: Auta shekararta bakwai, za ta gama jami'a, wataƙila har a kawo kuɗin gaisuwa, ni ina nan ina sujada a gindin shinge.

Ban je sunan ba. Da daddare na sauko da takardar tsohuwa daga kan firji. Layi na uku, da manyan baƙaƙe, an ja masa layi biyu a ƙasa: kada a kwance shi kusa da shinge. Layi na huɗu: yana son hula.

Ranar Lahadi ta dawo. Ya haye cinyarta ya lumshe ido kamar waliyyi. Ta ce da fatan bai ba mu wahala ba, na ce haba, ko kaɗan. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai miƙa mata kwanonsa da yatsu biyu.

Yaran yanzu zomo suke so. Shaddar tana cikin bokiti kwana huɗu ke nan, jan ya koma ruwan goro. Hular kuma wani ya ce akwai mai wanki a Birmingham da ya iya ɗora ta a kan gungume, in akwai mai lambarsa ya turo mini ta gefe, kada ya sa a guruf.