Kafin ka sayar da fili ka tura yaro karatu waje

Ni fa ban ga laifin uban da ya ce ɗansa ba zai yi jami'a a Najeriya ba. Wanda ya ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wata takwas cur yara na zaune a gida daga Fabrairu har Oktoba, ai dole ransa ya raya masa Sudan ko Masar ko Indiya ko Cyprus. Matsalata da lissafin da muke yi ne, don yawancinmu kuɗin makarantar shekarar farko kawai muke haɗawa, sai kuɗin jirgi da na biza, shikenan a yi addu'a a raka yaro filin jirgi.

Wani maƙwabcinmu fili ya sayar ya tura ɗansa karatun likita a Khartoum, yaron yana aji huɗu yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan na Janar Burhan da dakarun sa-kai na RSF, aka loda shi da sauran ɗaliban Najeriya a bas zuwa iyakar Masar suka yi kwanaki a rana kafin a bar su su tsallaka a kwaso su a jirgi. Ya dawo da jaka ɗaya da waya mai fasasshen gilashi. Takardar sakamakonsa ta shekara huɗu kuwa tana can cikin ofishin da ba kowa, kuma duk jami'ar da ya je nan gida ita ake fara tambayarsa. Uban har yau in ana hira aka ambaci filin nan sai ya yi shiru.

To a ce yaƙi ƙaddara ce, na yarda. Dala fa? Kafin Yunin 2023 a banki tana wajen naira 460, farkon 2024 ta haura 1,500, wato kuɗin makarantar da ka yi wa lissafi ya ninka uku alhali albashinka ko shagonka yana nan yadda yake. Yara nawa aka hana shiga jarabawa a waje saboda bashi, suna jin kunyar faɗa wa gida?

Sai batun dawowa, wanda shi ne ba a son tambaya. Likitan da ya karanto a waje sai ya ci jarabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, kafin ya taɓa mara lafiya a nan. Su kuma masu zuwa Kwatano, a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin sati shida, abin ya shafi har waɗanda suka zauna suka yi karatun tsakani da Allah.

Ejan ɗin da ke nuna maka hotunan hostel a waya ba zai kawo maka wannan maganar ba, kamashonsa yake jira. Kai ne za ka bincika ko hukumomin gida sun san makarantar, ka lissafa kuɗin duk shekarun da dala, sannan ka sa yaron ya riƙa karɓo sakamakonsa duk ƙarshen zango yana turo kwafi gida.