Ku ba mu tarihin tashar bibiyar kumbo ta Kano

Labarin nan naku na shirin Amurka na sake tura mutane duniyar wata ya tuna mini da Baba, Allah Ya jiƙansa. A rediyo ya ji saukar ɗan sama jannati Neil Armstrong a duniyar wata a Yulin 1969, a gidanmu na Tudun Wada nan Kaduna. Ya ce ranar unguwa ta rabu biyu, wasu na rantsuwa ƙarya ce.

Abin da ke damuna, yaranmu ga waya a hannu dare da rana, amma ba su san NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta taɓa kafa tashar bibiyar kumbo a Kano ba, zamanin Mercury, shirinta na farko na tura mutum sararin samaniya. Balle tauraron ɗan'adam na NigeriaSat-1 da aka harba mana daga Rasha a 2003. Don Allah ku binciko mana tarihin tashar nan.