Ba sai da takardar 'yan sanda ake duba wanda aka ji wa rauni ba

Idan masu ƙwacen waya suka soki mutum da wuƙa a lungu, ko 'yan fashi suka harbe shi, sai ka ga jama'a sun yi cirko-cirko a kansa, jini na zuba, mai Keke Napep ya ƙi ɗauka. Kowa na cewa ai asibiti ba za su taɓa shi ba sai an kawo takardar 'yan sanda, kuma wanda ya kai shi shi za a riƙe.

Doka ba ta ce haka ba. A 2017 Najeriya ta yi dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take, da takarda ko babu, ba tare da neman kuɗin ajiya ba tukuna. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara maganin. Ta kuma hana a wulaƙanta wanda ya kawo shi da tambayoyin da ba su da dalili. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta haramta ƙin duba duk mai buƙatar taimakon gaggawa, har da wanda aka sara ko aka soka.

Gaskiya ne har yanzu wasu asibitocin suna jan ƙafa, abin da ke da ciwo ƙwarai. Saboda haka a tafi mutum biyu ko uku, a danne raunin da tsumma mai tsabta a hanya, wani kuma ya kira mai unguwa ya shaida masa abin da ya faru.