Kawu da Rediyon da Ba Ya Gaisuwa

Kawuna ya fi shekara arba'in yana yawo da rediyo rataye a kafaɗa, don haka da labari ya kai masa cewa na samu lasisin aika magana ta rediyo kuma ina magana da mutanen ƙasashen waje daga ɗakina, sai ya aiko a ce yana nan tafe ya gani da idonsa. Ya kuwa zaɓi ƙarshen makon ƙarshe na Oktoba, lokacin gasar CQ World Wide, wadda masu wannan sha'awa a duniya ke kwashe awa 48 suna kiran juna ba hutawa. A irin ranar, tsakanin megahaz 14.1 da 14.35 ba masaka tsinke.

Ya zauna a kujerata, ni na koma kan bokiti. Na yi ta murɗa har na tsinto wata murya can ƙasa-ƙasa, Bajapane ne yana kira. Na ce, "Kawu, ku saurara, daga Japan ne." Kafin ya karkato kunne, wani ɗan Italiya ya faɗo mana. Kilohaz biyu kacal ke tsakaninsa da mutumina, kuma daga jin ƙarfinsa wutar gidansu ba ta taɓa ɗaukewa ba.

"Wannan mai tsiwar ne Bajapanen?"

Na ce a'a, maƙwabcinsa ne a mita. Kawu ya ce to a kore shi mana.

Korar ita ce aikin filta. Duk siginar da eriya ta kamo, rediyon yana mayar da ita wata tsayayyiyar mita ta cikin gida, a wasu injina kilohaz 455, a wasu megahaz 9, sannan ya tura ta wata 'yar ƙofa da aka haɗa da duwatsun kiristal. Faɗin ƙofar ga maganar baki kilohaz 2.4 ne, daidai abin da muryar mutum ke buƙata a gane shi, daga haz 300 zuwa 2,700. Matsalar ita ce ɗan Italiyan ma faɗinsa ke nan, kuma tunda tazararmu kilohaz biyu ce, kafaɗarsa tana cikin ƙofata. Ga shi gefen ƙofar gangare ne: kafin filta ta rage ƙarfin sigina sau miliyan, wato desibel 60, sai an matsa gefe sosai, faɗin ya kusa ninkawa. Mai rauni yana faɗuwa tun a farkon gangaren. Mai ƙarfi irin wannan bawan Allah yana iya rasa kashi 999 cikin dubu na ƙarfinsa, ragowar ta ishe shi danne Bajapanena.

Duk wannan na zayyana wa Kawu, yana gyaɗa kai yana ɓare goro.

Na matse filta zuwa 1.8, na ɗan karkatar da ita ƙasa. Tsiwar ta ragu, sai dai muryar Bajapanen ta koma ta mai mura. Sannan duk lokacin da ɗan Italiyan ya buɗe baki, sai mutumina ya nutse, in ya yi shiru ya taso. Injina tsoho ne, filtarsa ta farko kilohaz 15 ce, saboda haka ƙaton yana ratsa matakan farko ya cika su, injin ya rage jinsa gaba ɗaya, tun kafin a iso 'yar siririyar da nake taƙama da ita. Sababbin injina suna da siririya tun daga bakin shiga, kuɗinsu kuma ya isa sayen saniya. Na danna maɓallin rage ƙarfin abin da ke shigowa, abin ya ɗan lafa. Akwai kuma wani fetsi-fetsi da ya ƙi tafiya, don mutumin ya ƙure na'urarsa, ƙazantarsa tana fantsamowa tsakiyar mitata. Abin da ya faɗo tsakiya kuwa babu filtar da ke fitar da shi.

Na samu ɗan sarari na yi kira. Ikon Allah, Bajapanen ya jiyo 5N, farkon lambar kirana da ke nuna Najeriya, ya tambayi sauran. Na maimaita. Ya fara karanto lambata, ni kuma na daina numfashi, daidai nan Kawu ya dafa kafaɗata ya ce da ƙarfi, "Tambaye shi nawa suke sayar da babur a can!"

Ban ji ko daidai ya karanta ba. Na roƙi maimaici, ya sake, ya ce 59 25, na ce 59 35, wato ina jin ka sarai, ga lambar yankina. Ƙarya muka yi wa juna dukanmu, amma haka ake yi a gasa. Ya wuce ga na gaba.

Kawu ya jira. Da ya ga na jingina ina murmushi, ya ce, "Shi ke nan? Bai tambayi iyali ba? Bai ce ina gajiya ba?" Na ce ai gasa ce. Ya ce ko a filin dambe ana gaisawa.

Sai ya duba agogo ya ce in kamo masa BBC ya ji labarai. Na kamo, amma filta tana nan a matse, alhali tashar watsa labarai tana son faɗin kilohaz 6. Mai karanta labarai ya fito ta hanci, ba a gane rabin maganarsa. Kafin in kai hannu ga maɓalli, Kawu ya zaro Kchibonsa daga aljihun babbar riga, ya ja eriya, murya ta cika ɗakin tangaran.

Da dare na ji shi a tsakar gida yana ba matata shawara ta riƙa sa ido kan kuɗin cefane. Ya kuma yi alkawarin aiko min da tsohon rediyonsa, wanda ya ce batir kawai yake so.